Lamba Mai Alƙaluma Miliyan 41: Ilimi Ne Ko Ɓarnar Wuta?

A ranar 11 ga Oktoba, 2024, wata na'ura da aka ɗauko haya a wata cibiyar kwamfutoci da ke birnin Dublin ta kammala wani dogon lissafi, ta nuna cewa da alama an dace da sabuwar lamba marar rabuwa. Washegari wata na'urar a San Antonio ta jihar Texas ta sake gwada lambar ta wata hanya daban, ta tabbatar. Aka shafe kwanaki ana maimaita gwajin a kan na'urori da manhajoji iri-iri, kafin a sanar da duniya a ranar 21 ga watan cewa an samu lamba marar rabuwa da ta fi duk waɗanda aka sani girma. Lamba marar rabuwa ita ce wadda babu abin da ke raba ta daidai, ba tare da saura ba, sai 1 da ita kanta, kamar 2, 3, 5, 7, 11 da 13. Ita wannan sabuwar ana samun ta ne idan aka jera lambar 2 sau 136,279,841 aka ninka su da juna, sannan aka cire 1. Idan aka warware ta aka rubuta, tana da alƙaluma 41,024,320. Ta fara da 881694, ta ƙare da 551. Wanda zai karanta alƙalami ɗaya a kowane sakan, dare da rana ba hutu, zai yi kwana 474 bai kai ƙarshe ba. Mutumin da ya gano ta, Luke Durant, tsohon ma'aikacin kamfanin Nvidia ne mazaunin San Jose a Kalifoniya. Rahotanni sun ce ya kashe kusan dala miliyan 2 daga aljihunsa wajen hayar na'urori, ladan da ƙungiyar masu farautar irin waɗannan lambobi ta tanada kuwa dala 3,000 ne.

Labarin ya raba mutane gida biyu, kuma har a cikin malaman lissafi akwai waɗanda suka taɓe baki. Ɓangare ɗaya na cewa an ƙona kuɗi da wutar lantarki ne don a samu abin da ba ya warkar da ciwo, ba ya gina gada, ba ya ma warware wata matsala ta lissafin kansa. Ɗaya ɓangaren na cewa irin wannan aiki ne ke tsare asusun banki da saƙon waya, don haka mai sukar sa yana cin moriyarsa ne bai sani ba. A ganina farautar tana da hujja mai ƙarfi, sai dai ba ita masu kare ta suka fi kawowa ba, kuma salon da ta ɗauka a 2024 ya rage mata wani abu mai daraja. Kafin a kai ga hukunci ya kamata a san abin da lambar take ɗauke da shi, domin yawancin masu yabo da masu suka labarin girmanta kaɗai suka ji.

Lambobin da ke da wannan siffa ana kiran su da sunan Marin Mersenne, wani malamin coci Bafaranshe da ya mutu a 1648. Ana rubuta su 2^p − 1, inda p ke nuna sau nawa aka jera 2. Sharaɗin farko shi ne dole p ɗin kansa ya zama marar rabuwa; in ya rabu, lambar ma ta rabu, kamar yadda p = 4 yake ba da 15, wato 3 sau 5. In aka sa 2, 3, 5 da 7 za a samu 3, 7, 31 da 127, dukkansu marasa rabuwa, har mutum ya fara zaton ƙa'ida ce. Da an zo kan 11 zaton ya karye, domin 2,047 daidai yake da 23 sau 89. Waɗannan masu rabawar ma ba haka kawai suka faɗo ba: 23 shi ne 22 da ƙarin 1, 89 kuma 22 sau huɗu da ƙarin 1. Tun a 1640 Pierre de Fermat ya lura cewa duk abin da zai raba irin wannan lamba sai ya kasance ninkin 2p da ƙarin 1. Ke nan ga lambar Durant, tun kafin a kunna na'ura an san babu abin da zai iya raba ta ƙasa da 272,559,683. Akwai kuma siffarta a wurin kwamfuta, wadda ke ƙirga da sifiri da ɗaya kaɗai: a can lambar ɗaya ce jere da ɗaya har sau 136,279,841, babu sifiri ko guda. Wannan sauƙin siffa ne ke sa lissafi da ita ya yi sauri fiye da wata lambar mai girma ɗaya da ita.

Tana kuma jawo wata lambar a bayanta. Kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, Yuklid a Iskandariyya ya yi magana a kan cikakkun lambobi, waɗanda idan aka tara abubuwan da ke raba su sai jimlar ta dawo daidai da su: 6 shi ne 1 da 2 da 3, 28 kuma 1 da 2 da 4 da 7 da 14. Ya nuna cewa duk inda 2^p − 1 ba ta rabu ba, to cikakkiyar lamba na nan tare da ita: 3 sau 2 ya ba da 6, 7 sau 4 ya ba da 28, 31 sau 16 ya ba da 496, 127 sau 64 ya ba da 8,128. Ibn al-Haisam, haifaffen Basra da ya yi aikinsa a Alƙahira wajen shekara ta 1000, ya yi ƙoƙarin nuna cewa duk cikakkiyar lambar da ke rabuwa biyu daga wannan ƙofa take fitowa, amma sai a ƙarni na 18 Leonhard Euler ya kammala hujjar. Saboda haka ranar da aka tabbatar da lambar Durant an samu cikakkiyar lamba ta 52 da aka sani, mai alƙaluma sama da miliyan 82. Ko akwai cikakkiyar lambar da ba ta rabuwa biyu, har yau ba a ga ko ɗaya ba, ba a kuma tabbatar babu ba, duk da cewa tambayar na cikin mafi tsufa a fagen lissafi.

To yaya aka san cewa abu mai wannan girma ba ya rabuwa? Ba ta gwada rabawa ɗaya bayan ɗaya ba, don da haka za a bi, sai an gwada lambobi har zuwa masu alƙaluma miliyan 20, alhali ƙiyasin yawan ƙwayoyin zarra na duk sararin samaniya da ake iya gani alƙaluma 80 ne da ɗan ɗoriya. Hanyar da ake bi Édouard Lucas ne ya buɗe ta a Faransa a 1876, Derrick Lehmer na Amurka ya gyara ta a 1930, kuma ɗan sakandare zai iya gwada ta da biro. A ɗauki 31, inda p yake 5. A fara da 4, a ninka shi da kansa a cire 2, an samu 14. A ninka 14 da kansa a cire 2, an samu 194. A raba shi da 31, saura 8. A ninka 8 da kansa a cire 2, an samu 62. A raba da 31, babu saura. Ƙa'idar ta ce a yi wannan taku sau p a cire 2, wato sau uku a nan. In aka ƙare a kan sifiri lambar ba ta rabuwa, in aka ƙare a kan wani abu daban tana rabuwa. In aka bi 2,047 da haƙuri har taku tara za a ƙare a kan 1,736, sai gwajin ya tona ta ba tare da ya faɗi 23 ko 89 ba. Da wannan dabara Lucas ya tabbatar da 2^127 − 1, mai alƙaluma 39, da hannu, kuma ba a wuce shi ba sai a 1951. Ga lambar Durant takun ya kai 136,279,839, a kowanne ana ninka lamba mai alƙaluma miliyan 41 da kanta, kuma kuskure guda a ko'ina cikin tafiyar ya isa ya lalata amsar gaba ɗaya.

Maganar masu suka ba ta banza ba ce. Tun a littafin Yuklid aka tabbatar cewa lambobi marasa rabuwa ba su da iyaka, kuma hujjar gajera ce: ɗauki duk waɗanda ka sani, ninka su da juna, ƙara 1, babu ko ɗaya a cikinsu da zai raba abin da ya fito, don kullum 1 zai saura, ke nan akwai wata marar rabuwa da ba ta cikin lissafinka. In haka ne, in ji su, wane labari ne a ce an samu mafi girma, tunda an san akwai wadda ta fi ta? Sannan irin waɗannan lambobi ba su da ƙaranci. Ƙa'idar da Jacques Hadamard da Charles de la Vallée Poussin suka tabbatar a 1896 ta nuna cewa a unguwar lambar Durant, kusan ɗaya cikin kowace lamba miliyan 94 marar rabuwa ce. Tsakaninta da wadda Patrick Laroche ya gano a 2018, mai alƙaluma 24,862,048, akwai marasa rabuwa da yawansu ya fi ƙarfin rubutu. Abin da ya sa 'yan gidan Mersenne ke riƙe da kambu shi ne su ne gwajinsu ya fi arha. Lambar da ba ta da wata siffa ta musamman, iyakar inda aka iya tabbatar da ita bai wuce alƙaluma wajen dubu ɗari ba. Ƙari a kan haka, babu wata sabuwar ƙa'ida da ta fito daga sanin lambar Mersenne marar rabuwa ta 52. Malamin da ya tabbatar da magana guda a kan dukkan lambobi cikin shafi ɗaya ya ƙara wa ilimi abin da dubban na'urori ba su ƙara ba. Duk wannan gaskiya ne, kuma mai kare farautar da ya musa shi ya raunana kansa.

Hujjar tsaro kuwa, wadda jaridu ke maimaitawa duk lokacin da aka samu sabuwa, ya kamata a ajiye ta gefe. Gaskiya ne cewa tsarin RSA, wanda Ron Rivest da Adi Shamir da Leonard Adleman suka fito da shi a 1977, ya dogara da lambobi marasa rabuwa. Amma makullin da aka fi amfani da shi lamba ce mai alƙaluma 617, wadda aka samu ta ninka wasu biyu masu alƙaluma kusan 309 kowacce, kuma kwamfutar ofis tana samar da irin su cikin sakanni. Ƙarfin tsarin yana cikin ɓoye su: kowa na ganin babbar lambar, ba wanda zai iya fasa ta ya fito da biyun da suka haɗa ta. Lambobin Mersenne marasa rabuwa da aka sani 52 ne kacal, duk a rubuce a intanet. Yin makulli da ɗayansu daidai yake da mutum ya garƙame shagonsa da kwaɗo sannan ya rataye makullin a ƙofar kasuwa. Ba wani banki da ya jira sanarwar 21 ga Oktoba, kuma duk lokacin da masu kare farautar suka faɗi akasin haka, makami suke miƙa wa abokan hamayyarsu.

Amma tarihi ya hana a ce "ba shi da amfani" a rufe littafi. A 1940 G. H. Hardy na Ingila ya yi alfahari da cewa ilimin lambobi ya yi nesa da harkar yaƙi da buƙatun yau da kullum. Ba a cika shekara arba'in ba aka gina sirrin sadarwar duniya a kan ƙa'idojin Fermat da Euler. Har su kansu lambobin da aka farauto sun shiga aiki daga baya. A 1952 Raphael Robinson ya yi amfani da kwamfutar SWAC a Los Angeles ya gano 2^521 − 1, mai alƙaluma 157. A yau ita ce ginshiƙin wani tsarin kulle saƙo da hukumar ma'aunai ta Amurka ta amince da shi, mai suna P-521, inda lambar ba sirri ba ce, fili ce da ake lissafi a cikinsa, kuma jerin ɗaya-ɗayanta ne ke sa aikin ya yi sauri. A 1971 Bryant Tuckerman na kamfanin IBM ya gano 2^19937 − 1. A 1997 wasu Japanawa biyu, Makoto Matsumoto da Takuji Nishimura, suka gina manhajar fitar da lambobin ƙuri'a a kanta, wadda yaren shirya manhaja na Python ke amfani da ita har yanzu. Saƙonnin WhatsApp ma ana kulle su ne da lissafin da ke tafiya a kan 'yar uwarsu ta kusa, 2^255 − 19. Mai suka zai ce akwai nisa tsakanin alƙaluma 157 da miliyan 41, kuma ya yi gaskiya. Babu wata alama da ke nuna injiniya zai buƙaci lambar Durant. Abin da waɗannan misalai suka nuna kawai shi ne rashin amfani a yau ba hukuncin ƙarshe ba ne. Alkawarin amfani a gobe kuwa ba su ɗauka ba, don haka ba zan ɗora nauyin hujjata a kansu ba.

Hujjar da ta fi wannan tsayuwa ita ce abin da hanyar ke tilasta wa na'ura da mai na'ura. A 1994 Thomas Nicely, malamin lissafi a Kwalejin Lynchburg ta jihar Virginia, yana aiki a kan tagwayen lambobi marasa rabuwa, irin 11 da 13 ko 17 da 19, sai ya ga amsar sabuwar kwamfutarsa ta saɓa da ta tsofaffin. Ya bi diddigi har ya gano cewa ƙwaƙwalwar Pentium ce ke kuskure wajen rabawa. Kamfanin Intel, mai ƙera ta, ya ware dala miliyan 475 don musanya wa masu saye. A farkon 2016 masu amfani da Prime95, manhajar farautar lambobin Mersenne, suka ga sabuwar ƙwaƙwalwar Skylake ta Intel tana daskarewa a kan wani lissafi, kamfanin ya amsa matsalar ya fitar da gyara. Ba mamaki, domin aiki ne da ke matsa wa na'ura kwana da kwanaki, wanda ba ya yafe ko ɗigon kuskure, shi ya sa masu haɗa kwamfuta ke gwada lafiyarta da wannan manhaja. Buƙatar ninka manyan lambobi da sauri ta haifar da dabarar Richard Crandall da Barry Fagin a 1994, sannan a 2017 Robert Gerbicz ya kawo hanyar kama kuskure tun ana tsakiyar lissafi. Za a iya cewa ai da an biya injiniyoyi su yi gwajin kai tsaye. Kamfanonin suna da injiniyoyin, amma wanda ya fito da maganar Pentium fili mutum ne da bambanci a can cikin ƙananan alƙaluma ya hana shi sakat, saboda amsar ta dame shi don kanta. Irin wannan naci ba a cika samun sa da albashi kaɗai ba.

Duk da haka, inda na fi dogara shi ne a kan tambayar da har yanzu ba ta da amsa. Yuklid ya tabbatar cewa marasa rabuwa ba su ƙarewa, amma ba wanda ya tabbatar cewa 'yan gidan Mersenne ba su ƙarewa. Kuma fage ne da hasashen manya ya sha faɗuwa a cikinsa. A 1644 Mersenne ya jera p guda goma sha ɗaya, daga 2 zuwa 257, ya ce su kaɗai ne a wannan tsakanin ke ba da marar rabuwa. Ya yi kuskure biyar: ya sa 67 da 257 waɗanda ke rabuwa, ya tsallake 61 da 89 da 107. Sai a 1903 Frank Nelson Cole ya tsaya gaban taron masana a New York ya nuna a allo cewa 2^67 − 1 daidai take da 193,707,721 sau 761,838,257,287. A farkon shekarun 1980 Hendrik Lenstra da Carl Pomerance da Samuel Wagstaff suka kawo hasashen cewa duk lokacin da p ya ninka sau goma, za a samu sababbi kusan shida. A duba abin da farautar ta tara: ƙasa da 10 akwai huɗu, daga 10 zuwa 100 shida, sai huɗu, sai takwas, sai shida, sai biyar, sai biyar. Hasashen na tafiya daidai. Amma tsakanin miliyan 10 da miliyan 100 sai ga goma sha uku, fiye da ninki biyu na abin da ake tsammani, daga nan kuma aka yi dogon fari daga miliyan 82 har zuwa miliyan 136. Ko sa'a ce kawai, ko kuwa hasashen ne ke da giɓi? Da ba don farautar ba, da tambayar ba ta ma taso ba.

Masu suka suna da amsa a nan ma, kuma mai nauyi ce: tarin misalai ba hujja ba ne a lissafi. Fermat ya ga 3, 5, 17, 257 da 65,537 duk ba su rabuwa, ya ɗauka haka jerin zai ci gaba, sai Euler ya nuna a 1732 cewa ta gabansu, 4,294,967,297, tana rabuwa da 641. Ko an samu lambobin Mersenne dubu, hakan ba zai tabbatar cewa ba su da iyaka ba. Haka ne. Amma misalai ne ke nuna wa mai neman hujja inda zai dosa, kuma su ne ke kashe hasashen da ba shi da tushe kafin a ɓata shekaru a kansa. Carl Friedrich Gauss yana saurayi ya zauna da teburan lambobi marasa rabuwa yana ƙirga su dubu-dubu, daga nan ya hango ƙa'idar da sai bayan shekara ɗari aka tabbatar. Waɗanda suka rubuta teburan ba su tabbatar da wata ƙa'ida ba, amma ba a cire su daga labarin.

Wannan ya kai mu ga bambancin da nake ganin shi ne zuciyar muhawarar. Jerin lambobin yana zama ilimi ne idan babu rami a cikinsa. A 1983 da 1985 an gano p = 132,049 da 216,091 da manyan kwamfutocin Cray, sai a 1988 Walter Colquitt da Luke Welsh suka koma baya suka tono 110,503 da aka tsallake. A watan Agusta na 2008 an samu 43,112,609 a Jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles, bayan mako biyu aka samu 37,156,667 wadda ba ta kai ta ba, a 2009 kuma 42,643,801 ta ɓullo a tsakaninsu. Wadda Curtis Cooper ya gano a 2013, mai p = 57,885,161, sai a 2021 aka tabbatar ita ce ta 48 a jere, bayan an sake gwada duk na ƙasa da ita. Wannan aikin na sake gwaji ba ya fitowa a jarida, ba ya kawo lada, kuma kusan kullum amsarsa "tana rabuwa" ce. Amma shi ne ke ba mutum damar cewa goma sha uku ne, ba goma sha huɗu ba. Masu suka suna kallon kambun ne, kuma a kan kambun sun yi gaskiya. Abin da nake karewa shi ne ƙirgar da ba ta tsallake kowa.

Saura maganar kuɗi da wuta, inda ƙafar masu suka ta fi kafuwa. Ƙungiyar GIMPS, wadda George Woltman ya kafa a 1996, ta ginu ne a kan mutane su ba da aron kwamfutocinsu a lokacin da ba sa aiki da su. Ta gano lambobi 18, kuma 17 na farko duk a kan kwamfutocin gida da ofis da makaranta aka same su. Jonathan Pace, injiniyan lantarki a jihar Tennessee, ya shekara 14 yana nema kafin wata kwamfutar cocinsu ta dace a Disamban 2017. Tun kafin ƙungiyar ma, 'yan sakandare biyu, Laura Nickel da Landon Curt Noll, sun riƙe kambun a 1978. Fage ne da ƙaramin mutum ke iya shiga ya bar sunansa kusa da na Euler. A 2024 kuwa Durant ya haɗa dubban na'urorin lissafi da ake kira GPU a cibiyoyi da ke ƙasashe 17. Kuɗinsa ne, ba na baitulmali ba, manhajar da ya yi amfani da ita, wadda Mihai Preda ya rubuta, kyauta ce ga kowa, kuma sakamakon duk gwajin da ya yi ya shiga rumbun ƙungiyar ya cike wurare da yawa. Waɗannan duk abin yabo ne. Amma wanda ke zaune a garin da ake kwana a wuni babu wuta yana da haƙƙin jin nauyin labarin, kuma ɗalibin da ke da tsohuwar kwamfuta yana da haƙƙin tambaya ko har yanzu akwai wurinsa. In tsere ya koma na mai aljihu, hujjar cewa farautar tana jawo matasa zuwa lissafi ta yi rauni, ko da lissafin kansa bai canja ba.

Gwaji na gaba yana nan a fili. Gidauniyar EFF ta Amurka, wadda ta biya dala 50,000 a kan lamba ta farko mai alƙaluma miliyan ɗaya da dala 100,000 a kan mai miliyan goma, ta ajiye dala 150,000 ga wanda ya fara kawo mai alƙaluma miliyan 100. Kafin lambar Mersenne ta kai wannan girma sai p ya haura miliyan 332. Mai kuɗi zai iya tsallake duk abin da ke tsakanin miliyan 136 da can, ya zuba na'urori a wuri ɗaya har ya dace. In haka ta faru za a samu kanun labarai da sabon kambu, tare da rami mai faɗin kusan miliyan 200 a tsakiyar jerin, kuma a ranar bayanin masu suka zai dace da abin da aka yi. Tambayar ko goma sha ukun nan sa'a ce, ba za a amsa ta ba sai an gwada kowane p marar rabuwa daga miliyan 100 zuwa miliyan 1,000, ɗaya bayan ɗaya, an kuma tabbatar da kowane sakamako. A nan ya kamata na'urorin haya da kwamfutocin gida su haɗa ƙarfi, ko da za a yi shekaru ba a sanar da komai ba.